Ɗinkin likkafani a ƙasar Gobir

Ɗinkin likkafani aiki ne na haɗa farin ƙyallen da ake suturta mamaci da shi bayan an yi masa wanka, kafin a sallace shi a kai shi makwancinsa. Kalmar likkafani ta samo asali ne daga Larabci, wato al-kafan. A ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, waɗanda ke tsohuwar ƙasar Gobir a gabashin Jihar Sakkwato kusa da iyakar Nijar, maƙwabta da 'yan'uwa ne suka saba ɗaukar wannan aiki don neman lada, kamar yadda yake a sauran ƙasar Hausa.

Matsayinsa a shari'a

Suturta mamaci farilla ce ta kifaya: idan wasu suka yi, ta faɗi a kan sauran, idan kowa ya bari, jama'ar gari duka sun yi laifi. Mutanen Gobir mabiya mazhabar Malikiyya ne, kuma littattafan da ake karantawa a makarantun zaure, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, sun fayyace hukuncin. Ana fitar da kuɗin likkafani daga dukiyar mamaci tun kafin a biya bashi ko a raba gado. Idan bai bar komai ba, nauyin yana kan wanda ciyar da shi ya wajaba a kansa ta dangantaka, sannan baitulmali, sannan jama'ar Musulmi. Game da matar aure kuwa, malaman mazhabar sun saɓa: Ibn al-Ƙasim ya ce daga dukiyarta za a yi, Abdulmalik ya ce daga ta mijin, Sahnun kuma ya ce daga tata idan tana da hali, in ba ta da shi daga ta mijin.

Yawan ƙyallaye

An so likkafani ya zama fari, adadinsa kuma mara. An ruwaito daga Nana A'isha cewa an suturta Annabi (S.A.W.) da fararen tufafi uku na auduga, saƙar Yaman. A Malikiyya, cikar sutura ga namiji guda 5 ce: riga, rawani, zane da manyan mayafai 2 da ake naɗe shi da su. Ta mace guda 7 ce: riga, zane, lulluɓin kai da mayafai 4. Wanda bai samu haka ba, ƙyalle ɗaya da ya rufe jiki ya wadatar. A yaƙin Uhudu, shekarar 625, ba a samu abin da za a suturta Mus'abu ɗan Umairu ba sai mayafi guda gajere, sai aka rufe kansa da shi, aka sa ciyawa a ƙafafunsa.

Yadda ake aikin

Da zarar an sanar da rasuwa, sai jama'a su rarraba aiki. Matasa su tafi maƙabarta haƙar kabari, wasu su ɗauko makara, a aiki wani kasuwa ya sayo yadi, galibi alawayyo. Masu ɗinki kan zauna a zaure ko a kan tabarma a ƙofar gida, wanda ya fi sanin hukunci ya auna ya yanka gwargwadon tsawon mamacin, sauran su kama da allura da zare. Ɗinkin ba shi da ado kuma ba a yin aljihu. Ana hanzartawa, domin sunna ce a gaggauta binnewa, zafin yankin ma ba ya barin a jinkirta. Bayan wanka, wanda maza ke yi wa namiji, mata su yi wa mace, sai a sa wa likkafanin turare, a naɗe gawar, a ɗaure wajen kai da ƙafafu.

A da, masaƙan gida suna saƙa farin ƙyalle ne siriri, don haka dole a harhaɗa da yawa kafin a samu mayafi guda, abin da ya sa aikin ke buƙatar hannaye da dama. Zuwan yadin masana'anta mai faɗi da keken ɗinki ya rage wahalar. Wasu dattawa kan sayi likkafaninsu su ajiye tun suna raye don kada su ɗora wa iyali nauyi.

Tasirin rashin tsaro

Hare-haren 'yan bindiga sun ɗora wa wannan al'ada nauyin da ba ta saba da shi ba. A watan Mayun 2020 an kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, a Disambar 2021 kuma aka ƙone wata motar matafiya da mutanen cikinta a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa. A Malikiyya, wanda 'yan fashi suka kashe ana yi masa wanka da sutura da salla kamar kowa, don haka ƙauye guda kan buƙaci likkafani masu yawa a rana ɗaya, a lokacin da zuwa kasuwa ma haɗari ne. Fiƙihu ya yi rangwame a irin wannan hali: ana iya taƙaitawa a kan ƙyalle ɗaya, a kuma haɗa mamata a kabari guda, kamar yadda aka yi wa shahidan Uhudu. Wani lokaci ba a samun gawar ma. Da aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun masu garkuwa a watan Agustan 2024, sallar ga'ibi aka yi masa.

Makamancinsa a wajen Yahudawa

Yahudawa ma suna binne mamatansu da fararen tufafi marasa ado da aljihu, waɗanda suke kira takrikim. Ƙungiyar 'yan sa kai mai suna Hebra Kadisha ce ke wanke gawa da suturta ta, kuma a wasu garuruwa jama'a kan taru su ɗinka tufafin da hannu. Littafin Talmud ya danganta al'adar ga Rabban Gamliyel, wanda ya yi wasiyyar a binne shi da tufafin lilin marasa tsada, domin a zamaninsa tsadar sutura ta kai wasu iyalai suna gudu su bar gawar ɗan'uwansu. A al'ummomin biyu, sauƙin sutura yana sa mai hali da talaka su tafi da kaya iri ɗaya, jama'a kuma su iya ɗaukar nauyin wanda bai bar komai ba.