Haidira: 'Yar Dabbar Da Wuƙa Ba Ta Kashewa, Da Rigimarta Da Masu Kiwon Kifi

Duk wanda ya zauna ajin nazarin halittu a babbar sakandare a ƙasar nan, da wuya a ce bai taɓa zana haidira a littafinsa ba. Ɗan bututu ne a tsaye, da wasu zaruruwa a kansa kamar gemun masara, da ɗan toho a kwiɓi. Ɗalibi zai haddace sunayen sassan jikinta, ya rubuta su a jarrabawar WAEC ko NECO, ya ci makinsa ya wuce jami'a, ba tare da ya taɓa sa ta a ido ba. Waɗanda suka fi ganinta da ranta a yau su ne masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi da masu ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi, su kuwa ba kallon sha'awa suke yi mata ba. Ranar da mutum ya wayi gari ya ga wasu fararen zaruruwa ko koraye sun manne a jikin gilashinsa, 'ya'yan kifinsa kuma suna raguwa, tambayarsa ɗaya ce: wane magani zan zuba?

A ganina an yi gaggawar wannan tambaya. Kafin a miƙa hannu ga kwalbar magani, ya kamata a san wace ce wannan halitta, domin a cikin ginin jikinta ake samun dalilin da ya sa wasu dabarun kawar da ita suke aiki, wasu kuma suke ƙara mata yawa.

Haidira dabba ce ta ruwan daɗi, 'yar uwar murjani da sauran danginsa na teku. Idan ta miƙe, tsawonta kan kai santimita ɗaya ko biyu; idan aka taɓa ta sai ta dunƙule ta koma kamar ƙwayar gero. Jikinta ninki biyu ne kacal na ƙwayoyin halitta, na waje da na ciki, da wani siririn abu mai danƙo a tsakaninsu. Ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta da zuciya, ba ta da ido. Jijiyoyinta a baje suke a duk jikin kamar ragar masunta. Ƙafa ɗaya gare ta da take mannewa da ita a jikin ganye ko dutse ko gilashi, kuma idan wuri ya gundure ta takan yi tafiya ta hanyar alkafura: ta sunkuyo ta dafa ƙasa da hannuwanta, ta ɗaga ƙafar ta juye. Wani lokacin ma takan haɗa ɗan kumfan iska a tafin ƙafarta, ya ɗauke ta zuwa saman ruwa.

Makaminta yana cikin waɗannan hannuwa da suka kewaye bakinta, waɗanda yawanci ba su wuce biyar zuwa takwas ba. A jikinsu akwai ƙwayoyin harbi birjik, kowace da zare a naɗe a cikinta. Iri huɗu ne: akwai mai huda jikin abin farauta ta zuba masa dafi, akwai mai nannaɗe shi, akwai mai manna haidirar a wuri idan tana tafiya, akwai ta kare kai. Masu bincike a Jamus sun auna saurin wannan harbi a 2006, suka ga cewa matakinsa na farko bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, wanda ya sa yana cikin motsi mafi sauri da aka sani a duniyar masu rai. Kowace ƙwaya sau ɗaya take harbi, sai jiki ya maye gurbinta da sabuwa. Bakin kansa abin mamaki ne, don idan ba ci take yi ba a rufe yake ruf, ba ko alamar kafa. Sai ta ji ƙanshin wani sinadari mai suna gulutatayon, wanda ke fita daga jikin abin da ta raunata, sannan fatar wurin ta yage baki ya buɗe. Ta nan abinci ke shiga, ta nan kuma saura ke fita.

Antonie van Leeuwenhoek, mutumin Holan da ya shahara da madubin ganin ƙananan halittu, ya bayyana ta a wata wasiƙa tun a 1702. Amma wanda ya ɗaga sunanta shi ne Abraham Trembley, ɗan asalin birnin Geneva, wanda yake koyar da 'ya'yan wani basarake a wani gida kusa da birnin Hague. A shekarar 1740 ya ɗebo ruwa da ciyayi daga wata magudana, ya ga wasu korayen abubuwa a manne da ciyayin. Launinsu na tsiro ne, amma suna motsi. Sai ya yanke shawarar raba gardama da almakashi, bisa tunanin cewa reshen bishiya ne ake yankewa ya sake tsiro, dabba kuwa idan an raba ta biyu ta mutu. A watan Nuwamba ya datse guda ɗaya gida biyu. Ɓangaren kai ya yi sabuwar ƙafa, ɓangaren ƙafa ya yi sabon kai. Bisa ƙa'idar da ya kafa wa kansa, ya kamata ya ce tsiro ne. Sai dai ya riga ya ga abin yana tafiya, daga baya kuma ya gan shi yana kama abinci yana haɗiyewa, don haka ya jefar da ƙa'idar ya riƙe abin da idonsa ya nuna masa. Wannan ne ya fi burge ni a labarin, fiye da yankan kansa.

Bai tsaya nan ba. Ya yi ta tsaga kan guda ɗaya a tsaye har ta yi kawuna bakwai, ya juya wata ciki ya koma waje da taimakon wani gashi mai tauri, ya haɗa jikin wata da na wata. Ya buga sakamakon a littafi a 1744. Mai kawuna bakwai ɗin ce ta tuna masa da macijiyar tatsuniyar Girkawa, wadda idan an sare mata kai ɗaya wasu suke fitowa, kuma wannan sunan ne Carl Linnaeus ya tabbatar mata a 1758. Malamanmu na sakandare da ke kukan rashin kayan gwaji su lura da abin da mutumin nan ya yi aiki da shi: kwalaben gilashi, almakashi, gilashin ƙara girman abu, da haƙurin zama yana kallo.

Daga baya ilmi ya gano sirrin. Gangar jikin haidira cike take da ƙwayoyin asali, waɗanda ba sa daina rabuwa kuma suna iya rikiɗa su zama kowane sashe da ake buƙata. Sababbi suna tura tsofaffi zuwa kai da ƙafa inda suke zubewa, ta yadda cikin kimanin makonni uku kusan duk jikin ya sabunta. A 1909 wata Ba'amurkiya, Ethel Browne, ta nuna cewa ɗan guntun nama daga kewayen bakin haidira, idan an dasa shi a kwiɓin wata, yana sa sabon kai ya fito a wurin. Shekara 15 bayan haka Hans Spemann da Hilde Mangold suka bayyana irin wannan a tayin wata dabba dangin kwaɗo, Spemann ya samu lambar Nobel a 1935, sunan Browne kuwa sai a littattafan tarihi. A 1972 kuma aka nuna a Jamus cewa ko an wargaza haidira ƙwaya-ƙwaya aka tara ƙwayoyin wuri guda, suna iya shirya kansu su sake zama dabba.

Batun tsufa ya fi ɗaukar hankalin 'yan jarida. Daniel Martínez ya bi wasu haidira tsawon shekara huɗu, ya buga a 1998 cewa bai ga alamar yawan mutuwarsu yana ƙaruwa da shekaru ba. Wani babban bincike da aka buga a 2015, wanda ya bi guda 2,256, ya ƙarfafa wannan. A nan sai a yi hattara da kanun labarai masu cewa an gano dabbar da ba ta mutuwa. Tana mutuwa sarai: kifi yana cinye ta, yunwa da zafi da guba suna kashe ta. Abin da aka nuna shi ne tsufa ba ya cin ta, kuma ko wannan ma akwai togiya, don wani nau'i nata mai ruwan ƙasa yakan lalace ya mutu bayan sanyi ya sa shi yin ƙwai.

To, mu koma ga mai akwatin kifi. Haidira takan shigo masa ne a manne da sabuwar ciyawar ruwa, ko dutse, ko cikin ruwan da aka ɗebo daga tafki. Ɗaya ko biyu ba wanda zai lura da su. Babban kifi ba ruwansa da ita, haka yatsan mutum. Waɗanda ke cikin haɗari su ne 'ya'yan kifi na kwanakin farko da 'ya'yan jatan landen ado, waɗanda girmansu bai wuce abin da take iya kamawa ba. Ko wanda ya fi ƙarfin bakinta, dafin yana iya raunata shi. Ga wanda ya yi watanni yana jiran kifinsa su yi ƙwai, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Abin tambaya shi ne, me ya sa biyu suke zama ɗari cikin 'yan makonni? Amsar ita ce abinci. Haidirar da ta ƙoshi tana fitar da toho a kwiɓinta, ya yi hannuwa da baki, ya ɓalle ya kama gabansa, kuma tana iya maimaita haka duk bayan kwana biyu ko uku. Abincin da ta fi so kuwa shi ne ainihin wanda ake bai wa 'ya'yan kifi: 'ya'yan atimiya da aka ƙyanƙyashe da ƙuman ruwa. Garin abincin da ya yi saura ma yana haifar da ƙananan halittun da take kamawa. Wato mai akwatin da ke zuba abinci hannu sake, garke biyu yake kiwo, ɗaya ne kawai ya sani. Akwai kuma wani abin lura: haidira ba ta jure gurɓataccen ruwa, musamman mai ɗauke da ƙarafa masu guba, har masana sukan yi amfani da ita wajen gwada tsabtar ruwa. Ganinta a akwati shaida ce cewa ruwan ba guba, abinci ne ya yi yawa.

Daga nan dabaru suke fitowa da kansu. Wanda ya sa reza ko soso ya kankare ta daga gilashi ya bar guntayen a ruwa, ya maimaita gwajin Trembley ne ba da niyya ba, don kowane guntun kirki na iya zama sabuwar dabba. A zuƙe ta da siririn tiyo, ko a fitar da dutsen da take kai a wanke shi a waje. A rage abinci mai rai, a riƙa ba da abin da za a cinye nan take, a kwashe saura. Wannan yana buƙatar haƙuri, domin tana iya yin makonni ba ta ci ba. Koriyar ta fi taurin kai: launin nan nata na wata gansakuka ce da ke zaune cikin ƙwayoyin jikinta, tana sarrafa hasken rana tana ba ta abinci, don haka ita sai an haɗa mata yunwa da duhu. Akwai kifayen ado da ke cin ta, kamar gurami da moli, da wasu nau'o'in dodon koɗi, sai dai kifin da ya ci haidira ba zai ƙyale 'ya'yan kifi ba, saboda haka ba a haɗa su akwati ɗaya. Wasu kan kwashe kifin gaba ɗaya su ɗumama ruwan ya kai kimanin digiri 40 na 'yan sa'o'i, wasu su sa ɗan gishiri na wasu kwanaki. Dukansu suna aiki, dukansu kuma suna wahalar da ciyayi.

Sai maganar magunguna, inda ake yawan garin gyaran gira a rasa ido. Sinadaran jan ƙarfe suna kashe haidira, ba musu, amma suna kashe jatan lande da dodon koɗi tare da ita, kuma suna maƙalewa a yashi da duwatsu bayan an canza ruwa. Wanda ya fi yaɗuwa tsakanin masu kifin ado a Turai da Amurka shi ne fenbendazol, maganin tsutsar ciki na karnuka da dabbobin gida. Ɗan kaɗan ya isa ya share haidira cikin 'yan kwanaki. Sai dai ba don akwatin kifi aka yi shi ba, ma'aunin da ake yawo da shi a intanet na gwajin masu sha'awa ne, yana hallaka wasu nau'o'in dodon koɗi, kuma yana daɗewa a ƙasan akwati. Idan halittu da yawa suka mutu lokaci ɗaya suka ruɓe, ruwan kan ɓaci da sinadarin amoniya, kifin da ake son ceto ya zama shi ke shan wahala. Ban ce haramun ne a yi amfani da magani ba. Akwai ranar da ba makawa. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya zuba magani bai sauya yadda yake ciyarwa ba, zai sake sayen wani.

Wannan ya fi shafar masu ƙyanƙyasar tarwaɗa, sana'ar da matasanmu da dama suka runguma. Ɗan tarwaɗa a kwanakinsa na farko bai kai santimita ɗaya ba, kuma da zarar ya shanye kwaiduwar da ya fito da ita, bayan kamar kwana uku, sai an ba shi abinci mai rai. Tsadar ƙwan atimiya na gwangwani takan sa a koma ɗibar ƙuman ruwa daga kududdufi, kuma duk abin da ke cikin kududdufin yana iya biyo su, har da haidira da tsutsar mazari wadda ta fi ta ɓarna. Tunda kifin nan cikin tukunyar mutane zai ƙare, zuba masa maganin dabbobi da ka, ba tare da shawarar likitan dabbobi ba, ganganci ne da lafiyar jama'a. Abin da ya fi sauƙi shi ne a tace abin da aka ɗebo, a bar shi ya kwana a kwalba mai haske, da safe a duba bangonta da kyau kafin a zuba wa 'ya'yan kifi. Tsakanin ƙyanƙyasa da ƙyanƙyasa kuma a zubar da ruwa, a goge tanki sosai kafin a shanya shi, domin ƙwan haidira yana da ɓawo mai tauri da ke jure bushewa, kuma yana iya ƙyanƙyashewa idan ruwa ya dawo.