Malamai Biyu A Gaban Allo Ɗaya: Tsakanin Baƙon Malamin Turanci Da Ɗan Gida

Kwanakin baya na je ɗaurin aure Kibiya, bayan an shafa fatiha sai wani tsohon ɗalibina, wanda a yanzu shi ne mataimakin shugaban wata makarantar sakandare a yankin, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ina neman shawara." Wai an turo musu wani matashi mai yi wa ƙasa hidima daga Kudu, wanda ya karanci Turanci a jami'a, suka haɗa shi da malamin Turancinsu na gida domin su riƙa koyar da aji ɗaya tare. Ga shi an shiga wata na biyu ko gaisawa ba sa yi. Baƙon na cewa an mai da shi ɗan kallo, ɗan gida kuma na cewa yaron ba shi da ladabi, kuma ɗalibai ba sa gane abin da yake faɗa. Tambayarsa ita ce, wa zai cire daga ajin?

Na ce masa ya dakata tukuna, domin wannan rigima ta girme shi, kuma ni kaina na taɓa zama ɗaya daga cikin masu yin ta.

Mai karatu zai iya tunawa cewa makarantunmu na Arewa sun daɗe suna dogaro da baƙi wajen koyar da Turanci. Bayan Turawan Ingila, a 1961 Shugaban Amurka John Kennedy ya kafa ƙungiyar 'yan sa-kai ta Peace Corps, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka karɓe su. Tun a watan Oktoban shekarar aka fara samun saɓani, sa'ad da wata 'yar ƙungiyar mai suna Margery Michelmore ta rubuta wa wani abokinta kati tana bayyana kaɗuwarta da irin talaucin da ta gani a Ibadan. Katin ya faɗi a hanya, ɗaliban jami'a suka tsince shi, aka yi zanga-zanga, ita kuma ta bar ƙasar. Daga baya, da kuɗin man fetur suka shigo aka kuma ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, makarantu suka yi yawa fiye da malamai. Jihar Kano ta ɗauko malamai daga Indiya da Pakistan da Filifin a kan kwantiragi, wasunsu suka koyar a makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977. Su kuwa mutanen Gana da ƙafarsu suka zo, domin tattalin arzikin ƙasarsu ya durƙushe a wancan lokaci, har ta kai da wuya ka shiga sakandare ba ka tarar da ɗayansu ba.

A 1981 aka tura ni wata makarantar kwana a ƙasar Rano, lokacin Kibiya tana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Rano, ina matashi da sabuwar takardar NCE a hannu. Shugaban makaranta ya haɗa ni da wani mutumin Gana, wanda ya yi digiri a Jami'ar Cape Coast, ya ce mu riƙe Turancin 'yan aji uku tare. Iyakar bayanin da ya yi mana ke nan. Bai ce wane ne babba ba, bai ce wa zai tsara darasi ba, bai kuma ce wa zai duba takardun jarrabawa ba.

A yau da furfura ta cika mini kai, ba na jin nauyin faɗin cewa ni ne abokin aikin nan mai wuyar sha'ani. An ba shi gida a kwatas, ni kuwa ina haya a cikin gari, wannan kaɗai ya isa ya sa na ɗauke shi kishiya. Idan ya tsaya yana bayani yara suka yi tsuru-tsuru, sai in miƙe daga bayan aji in fassara musu da Hausa, wani lokaci har in ƙara da 'yar barkwancin da za ta sa aji ya fashe da dariya, shi kuwa yana tsaye da alli a hannu bai san ko da shi ake ba. Idan aka sauya jadawali a ɗakin malamai, da Hausa ake sanarwa, ban taɓa damuwa in gaya masa ba. Da kaka ta yi, ɗaliban jeka-ka-dawo suka ɗauke ƙafa saboda girbi, sai ya rubuta sunayensu ya kai ofis a hukunta su. Na san dalilin rashin zuwansu, na kuma san iyayensu, amma na yi gum da bakina ina jiran ya sha kunya.

Shi ma yana da nasa. Yakan wuce dattawan malamai da gaisuwar ɗaga hannu kawai, abin da a wurinmu raini ne. Ya taɓa gyara mini lafazin wata kalma a gaban ɗalibai, wanda na shekara ban manta ba. Ya kuma yi imani cewa duk wanda ya furta kalmar Hausa a darasin Turanci ya yi laifi, alhali mafi yawan yaran nan ba sa jin Turanci a ko'ina sai a cikin wannan minti arba'in ɗin.

Abin da ya farkar da ni shi ne tambayar wani yaro ɗan Kibiya. Ana saura mako guda jarrabawa ya same ni da littafinsa, ya nuna mini wasiƙa guda da ya rubuta, wadda ni na ba shi maki mai kyau, abokin aikina kuma ya cika ta da jan biro saboda ya bi tsarin da na koya musu. Ya ce, "Malam, don Allah wanne za mu bi?" Na rasa amsar da zan ba shi. Wani dattijon malamin Larabci da ke zaune kusa ya ji, bayan yaron ya fita ya dube ni ya ce, "Malam, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Baƙo ko da idonsa makaho ne, kai da ke ɗan gari me ya hana ka yi masa jagora?"

Shi ne ya zaunar da mu. Muka raba aiki: shi ya ɗauki karatu a bayyane da lafazi da insha'i, ni na ɗauki nahawu da auna fahimta, tare da izinin yin gajeren bayani da Hausa a farkon sabon darasi. Muka amince cewa babu mai gyara wa ɗan'uwansa a gaban yara, kuma duk ranar Alhamis da yamma za mu zauna mu tsara makon gobe. Zango biyu kacal muka samu a kan wannan tsari, amma a cikinsu na ga yaran da ba sa iya buɗe baki sun fara tsayawa muhawara. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardun zama wa'adin mako biyu su fice, mutanen Gana kimanin miliyan ɗaya suka kama hanya. Abokin aikina ya ga zama bai yi ba, ya bi 'yan'uwansa. Shekara guda da wani abu muka ɓata wajen gaba, kuma yaran ne suka biya.

Da na ƙara karatu daga baya sai na gane cewa abin da ya faru tsakaninmu ba halin Bahaushe ba ne ko na mutumin Gana. Ƙasar Japan ta kafa shirin JET a 1987, inda take ɗauko matasa daga Amurka da Ingila da sauran ƙasashe su zama mataimakan malaman Turanci. Koriya ta Kudu ta bi sahu da shirin EPIK a 1995, Hong Kong ma ta faɗaɗa nata a makarantun sakandare a 1998. Duk da arzikin waɗannan wurare da tsarinsu, koke-koken da ke fitowa daga can tamkar a ɗakin malamanmu aka rubuta su. Baƙin malamai a Japan sun daɗe suna kukan cewa an mai da su rikoda mai rai, wato a ce su karanta jimla yara su maimaita, sannan su koma gefe su tsaya. Wasu na kukan a soke darasi ba a gaya musu ba, ko a yi taron malamai a gabansu da harshen da ba sa ji. Su kuma 'yan gida suna cewa an ɗora musu rainon baƙon da bai koyi aikin malanta ba, su nema masa gida, su yi masa tafinta a banki da asibiti, ba tare da ƙarin ko sisi ba, kuma da ya fara gane kan aiki sai kwantiraginsa ya ƙare ya tafi, a kawo sabo.

To, me ke haddasa wannan? A ganina tushen abin yana ofishin da ya haɗa su. Hukuma takan ɗauka cewa da zarar an sa mai harshe da mai sanin yara a ɗaki ɗaya, sauran zai zo da kansa. Amma kowane ɗayansu yana riƙe da rabin abin da ɗalibi ke bukata, kuma kowane yana tsoron cewa rabin ɗayan zai tona asirin abin da ya rasa. Ɗan gida na fargabar a ji Turancinsa kusa da na baƙo, baƙo kuma na fargabar a ga cewa ba zai iya riƙe aji shi kaɗai ba. Idan aka ƙara da bambancin alawus da muhalli, kamar yadda malaman kwantiragi na da suke da gida da tikitin jirgi da kuɗin sallama, sai tsoron ya rikiɗe ya zama gaba. Ɗalibai kuwa sun fi kowa saurin gane ɓaraka, nan da nan za su san wanda za su fake da shi.

Wani zai ce ai zamanin Indiyawa da mutanen Gana ya wuce, me ya kawo wannan magana yanzu? Dalili na farko shi ne, tun da Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, baƙon malamin Turanci a ƙauyukanmu bai yanke ba, sai dai ya sauya kama. Yaron da ya taso a Enugu ko Akure aka turo shi Kibiya ko Bunkure, ba ya jin Hausa, bai san al'ada ba, shekara ɗaya kuma zai yi ya tafi, ai matsalarsa ɗaya ce da ta abokina na Gana. Na biyu, mu ma yanzu muna zama baƙi. Tun 1987 Nijeriya ke tura ƙwararrunta, har da malamai, aikin shekara biyu a ƙasashe irin su Gambiya da Yuganda ƙarƙashin shirin taimakon ƙwararru na TAC, wasu 'ya'yanmu kuma suna fita neman aikin koyarwa da kansu. Abin da muka yi wa baƙo a nan, shi 'ya'yanmu za su iya tararwa a can.

Dalili na uku ya fi nauyi. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare, amma a watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan tsari da komawa ga Turanci. Kowa na da ra'ayinsa a kan wannan mataki, ni ma ina da nawa, sai dai abu ɗaya a fili yake: nauyin da ke kan malamin Turanci ya ƙaru, kuma yaron da bai samu kiredit a Turanci ba ƙofar jami'a a rufe take gare shi. Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Gina azuzuwa da ɗaukar malamai abin yabo ne, amma ya kamata a dubi yadda ake amfani da malaman da ke hannu.

Gyaran kuwa ba ya bukatar kasafin kuɗi mai yawa. Kafin baƙo ya shiga aji, shugaban makaranta ya zaunar da su biyun ya raba musu aiki a rubuce, a san mai tsara darasi, a san mai ba da maki, a kuma amince da tsarin duba takarda guda ɗaya. A ware musu darasi ɗaya a mako cikin jadawali domin shiri tare, kada a bar shi ga ganin dama. A ba baƙo mako guda na sanin gari, ya koyi gaisuwa, ya san lokacin salla da azumi da girbi da ranar kasuwa, a kai shi ya gaida dagaci. Shi kuma ɗan gida a sanya wannan jagoranci cikin takardar ƙarin girmansa, domin aiki ne, ba alfarma ba. Sanarwar ɗakin malamai kuma a yi ta yadda kowa zai ji. Hausawa sun ce zo mu zauna zo mu saɓa, saboda haka saɓani ba zai ƙare ba, amma a san wurin da za a kai shi tun bai isa gaban ɗalibai ba.

Wannan ita ce shawarar da na ba tsohon ɗalibina a Kibiya. Na ce kada ya cire kowa, ya kira su ofis ranar Alhamis, ya ajiye musu takarda da biro, ya fara da tambayarsu yadda kowannensu ke koya wa yara rubuta wasiƙa. Idan amsoshinsu suka bambanta, to ya nuna musu littafin ɗalibi guda su gani da idonsu.

Shi kuwa abokina na Gana, tun da ya hau mota a tashar Rano ban sake jin ɗuriyarsa ba, kuma ban taɓa neman gafararsa a kan dariyar da na sa aka yi masa ba. Idan yana raye, Allah Ya ba shi lafiya. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya kuma ba mu ikon riƙe amanar da aka damƙa mana, amin.