Mai Buga Tangaraho da Gurbin da Ya Bari a Harshen Hausa

Wayar ƙarƙashin teku ta iso Ikko a 1886, daga nan kuma Turawa suka miƙa wayar tangaraho zuwa Jebba da Lokoja, har ta kai Zungeru da Kano. A kowace tasha akan ajiye ma'aikaci guda wanda saƙo ba ya wucewa sai ta hannunsa, watau mai buga tangaraho.

Aikinsa shi ne ya mai da haruffa zuwa jerin gajeru da dogayen bugu bisa tsarin Morse, takwaransa na can nesa kuma ya saurara, ya mayar da bugun rubutu. Da yake kuɗin saƙo gwargwadon yawan kalmominsa ne, akan taƙaita zance ƙwarai, don haka kuskuren harafi ɗaya na iya juya ma'ana. Tsarin kuwa ba shi da alamun ɓ, ɗ da ƙ. Alal misali, baƙi da baki duk bugu ɗaya ne, sai mai karɓa ya rarrabe da hankalinsa. Ban da ƙwarewa, aikin na bukatar riƙon amana, domin umarnin gwamna, da farashin gyaɗa, da labarin rasuwa, duk shi ke fara jin su kafin masu su.

Sana'ar ta shuɗe, amma harshe bai manta da ita ba. Har yanzu ana cewa gidan waya, kuma mai kiran ɗan'uwansa ta salula cewa yake yi ya buga waya, alhali kuwa bugun na mai tangaraho ne.