Bawan da ya ƙi karɓar bulala

A shekara ta 1852 wata mata ƴar ƙasar Amurka, mai suna Harriet Beecher Stowe, ta fitar da wani littafi. Da Faransanci ana ce masa La Case de l'oncle Tom, wato Bukkar Baba Tom. Ƙagaggen labari ne, amma abin da ya haife shi gaskiya ne. A wancan zamani baƙar fata fiye da miliyan 3 suna cikin bauta a kudancin Amurka, kuma sai a 1865 aka hana bautar.

Tom bawa ne a jihar Kentaki, mai mata da ƴaƴa, Kirista mai tsoron Allah. Bashi ya ci ubangidansa, sai ya sayar da shi. Tom ya ji labari tun da dare, kuma da ya so da ya gudu. Amma ya san in ba a kai shi ba, sauran bayin gidan za a sayar don biyan bashin. Sai ya zauna ya jira mai saye.

Daga hannu zuwa hannu, Tom ya faɗa gandun auduga na wani mugun mutum, Legri, can jihar Luwiziyana. A gandun nan kowace maraice ana auna audugar da kowa ya tsinka. Wanda tasa ta kasa, bulala ce abincinsa. Masu dukan kuwa ba Turawa ba ne. Bayi ne guda biyu, Sambo da Kimbo, waɗanda Legri ya ɗora bisa ƴan'uwansu kamar sarakunan gandu.

Wata rana Tom ya ga wata baiwa, Lusi, ba ta da lafiya, buhunta bai cika ba. Ya ɗibi audugarsa ya zuba mata. Da dare Legri ya ce sai Tom ya yi mata bulala da hannunsa. Dama yana so ya mai da shi sarkin gandu. To, gaba kura, baya sayaki. In ya karɓi bulala, ya tsira da fatarsa, har ya sami matsayi. In ya ƙi, shi za a daka. Tom ya ce zai yi aiki dare da rana, amma ba zai doki matar nan ba. Aka doke shi har ya kasa tashi.

Mai karatu yakan yi saurin tsine wa Sambo da Kimbo. A yi hankali. Su ma bayi ne, ba su da gona, ba su da alƙalin da za su kai wa kuka. Sun ga bulala tana da baki biyu, na mai riƙewa da na mai sha, sai suka kama wanda zai bar su da rai. Legri ma yakan haɗa su gaba da juna don kada su haɗa kai. Babbar muguntar bauta ke nan: ta sa bawa ya sayi ransa da jinin ɗan'uwansa.

Wata baiwa, Kasi, ta nemi Tom ya ɗauki gatari ya kashe Legri yana barci. Wannan ma ya ƙi, ko da yake hanyar tsira ce. Daga baya Kasi da wata yarinya suka ɓuya a ɗakin sama na gidan Legri. Tom ya san inda suke. Legri ya ce ya faɗa ko ya mutu. Tom ya yi shiru. Sambo da Kimbo suka yi ta dukansa. Kafin ya cika ya yafe musu, su kuma suka fashe da kuka, suka wanke masa raunuka. Ɗan ubangidansa na farko ya iso da niyyar fansarsa, ya tarar da shi yana gargarar mutuwa. Matan biyu kuwa sun tsere.

Abin mamaki, daga baya sunan Baba Tom ya zama zagi a bakin baƙar fatar Amurka, suna kiran mai rusuna wa Turawa da shi. Mutane da yawa sun san Tom ne ta wasannin kwaikwayo da aka yi ta nunawa gari gari, inda aka mai da shi tsoho mai rawar jiki gaban ubangida.