Abin da ya kamata ku sani kafin ku fara ba da hayar mota a Parakou

A Turai akwai mutanen da ke cin abinci da motoci biyu ko uku kacal: ƙananan bas ne da aka cire musu kujeru, aka sa gado da murhu da tankin ruwa, matafiyi ya ɗauka haya ya yi mako yana yawo yana kwana a ciki. Matasa a unguwannin Titirou da Zongo na Parakou suna ganin irinsu a waya suna tambaya ko za ta yiwu a nan. Hayar mota sana'a ce mai kyau a arewacin Benin, amma wanda ya kwafo ta Turai yadda take zai yi asara.

Can akwai filayen da aka keɓe wa irin waɗannan motoci, da ruwa da wuta da mai gadi. Mu ba mu da su. Sannan baƙin da za su so kwana a mota galibi gandun dajin Pendjari suke nufa, shi kuwa tun watan Mayu na 2019, lokacin da aka sace Faransawa biyu aka kashe ɗan ƙasar da ke musu jagora, harkar ta ja baya. Har yanzu ana zuwa ganin gidajen Tata Somba a Boukoumbé da ƙauyukan Taneka kusa da Djougou, sai dai masu zuwan ba su kai a gina sana'a a kansu kaɗai ba.

Kasuwar gaske tana gida. Masu kai amarya, masu zuwa ta'aziyya, masu tafiya Mauludi, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da ke shiga ƙauyukan Borgou da Donga, da jama'ar da ke kwarara Nikki lokacin bikin Gaani: duk shata suke nema. Hiace mai lafiya ko Hilux ta fi musu amfani. In kana son ka riƙe baƙon da ke sha'awar kwana a waje, tanti da katifa da ƙaramin murhun gas a bayan mota sun wadatar, kuma gobe ka sauke su ka ɗauki 'yan biki.

Takardu ba su da wuyar fahimta. Rajistar sana'a ana yin ta a hukumar APIEx, a samu lambar haraji ta IFU. Mota kuma tana buƙatar takardar mallaka daga ANaTT, da gwajin lafiyarta a CNSR, da harajin mota na shekara. In za ta tsallaka Najeriya ko Togo, a haɗa da katin inshora na ECOWAS. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne inshora: su yanki ta motar gida saboda arha, alhali haya suke bayarwa. Ranar da aka yi haɗari, kamfani zai duba takarda ya ce ba abin da aka yi alkawari ke nan ba. Faɗa musu gaskiyar aikin motar tun farko.

Ni a ganina, kada sabon shiga ya miƙa makulli ga wanda bai sani ba. Ka bayar da mota da direbanka. Kan iyaka kusa yake, ta Nikki ko ta Ouaké, kuma motar da ta tsallaka da daddare ba a cika ganinta ba. Direba shi ne rabin jarin. Ka biya shi da kyau, ka ba shi kuɗin abinci da na kwana, don wanda aka bari da yunwa zai fara ɗaukar fasinja a hanya ko ya tatsi mai.

Kafin mota ta fita, ku zagaya ta tare da mai haya. A ɗauki hoton kowace ƙujewa, a rubuta lambar kilomita, a duba inda allurar mai ta tsaya, a taɓa safaya da jak. A rubuta inda za a, da ranar dawowa, da wanda zai sayi mai. A karɓi kafin alƙalami ta MoMo don shaida ta zauna a waya. Wannan ya shafi ɗan'uwa da aboki ma, domin rigimar haya ta fi yawa tsakanin waɗanda suka ji kunyar rubutawa.

Sai lissafi, wanda shi ke kashe yawancin masu wannan harka. Kuɗin da aka miƙo maka da yamma ba riba ba ne. Parakou zuwa Djougou kimanin kilomita 135 ne a kan kwalta, amma wannan nisa a jar hanyar ƙauye ya fi cin taya da birki nesa ba kusa ba. Buɗe matatar iska bayan tafiya ɗaya a hunturu ka ga jar ƙurar da ta toshe ta. Don haka kuɗin kwalta daban, na ƙauye daban. A ce motar ta fita kwana 10 a wata, to waɗannan kwanakin ne za su biya inshora da direba da juyen mai na sauran 20 da take ajiye. Damina kuma aiki kan ragu. Man kpayo na bakin titi da aka saba dogaro da arharsa ya tashi tun da Najeriya ta cire tallafi a Mayun 2023, ga shi wani lokaci da datti mai lalata inji.

Ka fara da mota ɗaya, ka samu bakanike ɗaya da ya san ta, ka ware kuɗin gyara daga kowace shata kafin ka taɓa sauran. Kada ka ci bashin ta biyu sai ta farko ta shekara tana ciyar da kanta.