Alƙahira: Ina ya kamata iyali su tsaya su ɗauki hoto?

Birnin Alƙahira na Masar na cikin biranen da iyalai daga arewacin Najeriya suka saba zuwa, wasu don ganin likita, wasu don duba 'ya'yansu da ke karatu a Jami'ar Azhar, wasu kuma don hutu kawai.

Sai dai da dama daga cikinsu kan koma gida da hoto iri ɗaya: an jeru a gaban dala da tsakar rana, kowa ya runtse ido, fuskokin yara sun yi duhu.

Birnin, wanda aka kafa a shekarar 969, kuma hukumar UNESCO ta sanya tsohon yankinsa cikin wuraren tarihi na duniya a 1979, ba ya rasa wurin ɗaukar hoto. Abin da ke ba baƙo wahala shi ne sanin lokacin da ya dace, da ɓangaren da rana take, da kuma abin da doka ta hana.

Abin da doka ta ce

A shekarar 2022 ne gwamnatin Masar ta ba da damar ɗaukar hoto na ƙashin kai a tituna da wuraren taruwar jama'a, kyauta kuma ba tare da neman lasisi ba. Kafin nan, baƙi sun sha kokawa kan yadda jami'an tsaro ke tsayar da su.

To amma damar na da sharuɗɗa. An hana ɗaukar hoton yara, ba a ɗaukar babban mutum sai da amincewarsa a rubuce, sannan an hana hotunan da ake ganin za su zubar da mutuncin ƙasar. Ke nan mahaifin da ke ɗaukar 'ya'yansa a filin wasa sai ya lura kada ya haɗa da 'ya'yan wasu.

Kazalika ma'aikatar harkokin wajen Burtaniya ta daɗe tana gargaɗin 'yan ƙasarta da su guji ɗaukar barikin soja, da gine-ginen gwamnati, da ofisoshin jakadanci, saboda an taɓa kama mutane a kan hakan.

Wanda ya fi tsanani shi ne batun ƙananan jirage marasa matuƙa da matasa ke ɗaukar hoto da su daga sama. Wata doka ta 2017 ta haramta shigo da su ko amfani da su ba da izinin ma'aikatar tsaro ba, kuma hukuncin na iya kai wa ɗaurin shekara bakwai. Ya kamata a duba jakar samarin gida tun kafin a tafi filin jirgi.

Kallon birni daga sama

Ga iyalin da ke tafe da ƙananan yara ko tsofaffi, babu wurin da ya kai Lambun Azhar sauƙi. Gidauniyar Aga Khan ce ta gina shi a kan wani tudu da ya shafe kusan shekara 500 yana juji, aka buɗe shi a 2005, kuma faɗinsa ya kai hekta 30.

Tudun ne sirrin wurin. Daga yamma ana hango hasumiyoyi da ƙubbobin unguwar Darbul Ahmar jere da juna, daga kudu kuma ga masallacin Muhammad Ali a kan tsauni. Idan aka shiga bayan la'asar, yara na da filin guje-guje, manya na da wurin zama, ana jiran rana ta yi ƙasa.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Da yake rana na faɗuwa ne a bayan hasumiyoyin, duk wanda ya tsaya ya ba su baya zai fito baƙi ƙirin kamar inuwa. Hoton iyali ana ɗaukarsa ne tun da sauran haske, a juya fuska wajen rana. Faɗuwar ranar kuwa a ɗauke ta ita kaɗai, kafin a kira magariba. Ranar Juma'a da ranakun Idi lambun kan cika maƙil.

Akasin haka ne a ganuwar Salahuddin, wadda aka fara ginawa a 1176. Farfajiyar da ke bayan masallacin Muhammad Ali na kallon yamma ne, don haka da safe ne rana ke bayan mai kyamara. A ƙasa ana ganin masallacin Sarki Hasan, wanda aka fara ginawa a 1356, kafaɗa da kafaɗa da masallacin Rifa'i da aka kammala a 1912. A ranar da sama ta yi garau, har dalar Giza ana hangowa.

Masallacin Ibn Tulun, wanda aka kammala a 879, bai cika samun cunkoso ba, duk da cewa yana cikin waɗanda suka fi kyau a hoto. Harabarsa na da faɗi, bakunan gininsa na zuba inuwa a jere, sannan matakalar hasumiyarsa ta waje take, tana naɗe da jikinta. Hawa ba wuya, amma dole babba ya riƙe hannun yaro.

Ba haka abin yake ba a ƙofar Zuwaila, wadda aka gina a 1092. Hasumiyoyi biyu da ke kanta na ba da damar kallon tsohon birni ta kowace kusurwa, sai dai matakalar matsattsiya ce, ga duhu. Ba wurin da za a kai kaka ko mai goyo ba ne. Su tsaya a ƙasa, matasa su hau.

Akwai kuma Hasumiyar Alƙahira mai tsayin mita 187 a tsibirin da ke tsakiyar Kogin Nilu, wadda aka kammala a 1961. Ana hawa da na'ura, amma layi kan yi tsawo gab da magariba.

Titin Mu'izz

Titin Mu'izz ya ratsa tsakiyar tsohon birni, daga ƙofar Futuh zuwa ƙofar Zuwaila, tafiyar kimanin kilomita ɗaya. A kansa ne ginin Sarki Ƙalawun yake, wanda ya haɗa asibiti da makaranta da hubbare, aka kammala shi a 1285.

Lokaci biyu ne ke da amfani a wannan titi. Na farko shi ne safiyar Juma'a, sa'ad da shaguna ke rufe kuma garin bai tashi ba. Na biyu bayan magariba, lokacin da ake kunna fitilun da ke haska bangon gine-ginen.

Kasuwar Khan Khalili na nan kusa, da rumfunan fitilun tagulla da kowa ke son tsayawa a gabansu. A nemi izinin mai rumfa tukuna. Wani zai yarda don Allah, wani sai an sayi ɗan abu ko an ba shi na goro.

Tsallaken titi kuma ga masallacin Azhar, wanda aka fara salla a cikinsa a 972. Harabarsa ta farin dutse na mayar da haske sosai, har takan kashe ido da rana tsaka. Ga baƙo daga Najeriya wurin ba baƙo ba ne: ƙarnoni da suka wuce akwai sashe na musamman na ɗaliban Barno a masallacin. Ba a ɗaukar masu salla, kuma gara a mayar da waya aljihu da zarar an tayar da iƙama.

Giza

Mutum-mutumin Abul Haul gabas yake kallo, saboda haka da safe ne fuskarsa ke samun haske. Wanda kuma ke son dalar uku su fito tare, sai ya wuce can cikin rairayi zuwa tudun da aka keɓe don kallo, domin a gindin babbar dalar, mai tsayin kusan mita 139, duwatsu kawai kyamara za ta gani.

A 2025 an sauya tsarin shiga: an buɗe sabuwar ƙofa a kan hanyar Fayum, kuma motocin safa ne ke zagayawa da baƙi a ciki. A 2019 majalisar dokokin ƙasar ta amince da hukuncin ɗauri ko tara ga duk wanda ya hau ginin tarihi ba da izini ba. Masu raƙuma da dawaki kuwa, a yi ciniki da su a gama kafin yaro ya hau.

Kimanin kilomita biyu daga nan ne Babban Gidan Tarihi na Masar yake, wanda aka yi bikin buɗe shi a ranar 1 ga Nuwamban 2025. A ƙarshen babbar matakalarsa akwai bangon gilashi da ke kallon dalar, ga sanyin na'ura. A gidan tarihi na Fustat kuwa, inda aka mayar da gawawwakin sarakunan Masar 22 a 2021, an hana ɗaukar hoto a zauren gawawwakin baki ɗaya.

Wane wata ya fi?

Babban hutun makarantun Najeriya na faɗowa ne a watan Agusta, daidai lokacin da zafi a Alƙahira kan kai digiri 35 ko fiye. Daga Maris zuwa Mayu akwai iskar Khamsin mai ƙura, wadda ke rufe gari kamar hazon hunturu a Kano, yayin da a Oktoba da Nuwamba hayaƙin ƙona karan shinkafa kan ƙara wa sama duhu.

Hutun Disamba ya fi dacewa, ko da yake rana na faɗuwa ne da misalin ƙarfe biyar na yamma, kuma dare na da sanyi. Tun daga 2023 manyan wuraren tarihi da dama sun daina karɓar tsabar kuɗi a ƙofa, don haka sai maigida ya tabbatar katin bankinsa na aiki a ƙasashen waje kafin a bar masauki.