ƘANANAN INJUNAN JIRGIN SAMA MASU SHAN ISKA DA YANAYIN ƘASAR FUNTUA DA MALUMFASHI

1.0 Gabatarwa

 Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayanin injin da ke tafiyar da ƙananan jiragen sama, watau injin fistan wanda iska ke sanyaya shi, sa'an nan a duba yadda zai kasance idan aka ɗora masa aikin gona a ƙasar Funtua da Malumfashi. Dalilin zaɓen wannan yanki shi ne, tun zamanin Turawa aka san shi da auduga har aka kafa masa injunan gurza, kuma a Funtua ne aka fara ɗaya daga cikin manyan ayyukan raya noma guda uku da Bankin Duniya ya tallafa wa a 1975, tare da na Gusau da Gombe. Duk sa'ad da tsutsar auduga ko fari ko jan-baki suka auka wa gonaki, akan ji ana cewa a kawo jirgi ya yi feshi. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, ƙarfin da aka rubuta a jikin injin ba shi ne ƙarfin da zai bayar a ƙasarmu ba, kuma wanda ya jahilci haka yana iya asarar jirgi da matuƙi da amfanin gona baki ɗaya.

2.0 Ƙirar Injin

Wannan inji ba baƙo ba ne ga manomi ƙwarai, domin ɗan'uwan injin babur ne da injin ban-ruwa na fadama. Ba shi da lagireto, ba a zuba masa ruwa. Maimakon haka an tsattsaga jikin kowace silinda an yi mata fikafikai sirara, iskar da farfela da gudun jirgi ke turowa ta riƙa ratsa su tana kwashe zafi. Akwai kuma wasu faranti da aka jera cikin murfin injin don su tilasta wa iskar bi ta tsakanin fikafikan. Baƙin mai shi ma yana ɗauke wani kaso na zafin.

Kamfanoni biyu na Amurka, Lycoming da Continental, su ne suka shahara a wannan ƙira. Alal misali, injin Lycoming O-360, wanda ya fito a 1955, yana da silinda huɗu kwance, biyu dama biyu hagu, girmansa lita 5.9, yana ba da ƙarfin doki 180 idan yana juyi 2,700 a minti. Kowace silinda fulogi biyu gare ta, kuma wutarsu daga maganeto biyu take fitowa, ba daga batir ba, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe jirgin. Hikimar ƙirar ita ce rashin nauyi da ƙarancin abin da zai lalace, gama ba tiyon da zai fashe a sama, ba ruwan da zai tsiyaye.

3.0 Injin a Ƙasar Nan

Ba da nisa da Funtua ba aka daɗe ana aiki da irin wannan inji. Makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta yi shekaru tana horar da ɗalibai da jiragen Tampico da Trinidad, dukansu masu injin Lycoming. Haka kuma jirgin Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna bisa ƙirar RV-6A ta Amurka, wanda ya fara tashi a 1989 aka kuma yi wa rundunar mayaƙan sama guda 60, injin O-360 ne a gabansa. A fagen feshi kuwa, ɗaya daga cikin jiragen da aka fi sani a duniya shi ne Piper Pawnee, wanda samfurinsa mai injin O-540 ke da silinda shida da ƙarfin doki 235. Da shi za mu buga misali a nan gaba.

4.0 Matsaloli Uku

4.1 Zafi da tudu

Inji yana ƙona mai ne da iska, kuma nauyin iskar da ya shaƙa shi ke ƙayyade ƙarfinsa. Ƙarfin da masana'anta ke rubutawa an auna shi ne a daidai bakin teku, da zafi digiri 15 a ma'aunin Salshiyos. To, ƙasar Funtua da Malumfashi tudu ce, tsakanin mita 600 da 700 bisa teku, wajen ƙafa 2,200 ke nan. A wannan tsayi ma'aunin da aka daidaita a kansa digiri 11 ne, kuma ƙa'idar matuƙa ita ce kowane digiri ɗaya da ya ɗaru a kan haka daidai yake da ƙarin tsayin ƙafa 120. Saboda haka idan rana ta take a watan Afrilu zafi ya kai digiri 38, injin yana shaƙar iska irin ta wurin da ya kai ƙafa 5,400. Tun da yake akan rasa wajen kashi 3 cikin ɗari a kowace ƙafa 1,000, injin Pawnee ba zai kai doki 200 ba. Da asuba kuwa, in zafi digiri 20 ne, zai ba da fiye da 210.

Daɗin daɗawa, iskar da ta yi sakayau ba ta riƙe fiffike da farfela sosai, ba ta kuma sanyaya silinda yadda ya kamata. Lycoming ya sa iyakar zafin kan silinda a digiri 260, amma injin ya fi daɗewa idan bai wuce wajen 200 ba. Aikin feshi kuwa shi ne mafi tsanani, domin jirgi yana tafiya ne ƙasa-ƙasa, a hankali, da kaya niƙi-niƙi, injin na bakin ƙoƙarinsa alhali iskar da ke shiga kaɗan ce.

4.2 Ƙura

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe ƙasar, kuma filin da ba kwalta yana tashin ƙura a kowane lokaci in ba da damina ba. Ƙurar da ta tsere wa matatar iska takan gauraya da baƙin mai ta riƙa goge ringi da bangon silinda kamar dutsen wasa wuƙa. An ƙiyasta wa O-360 awa 2,000 kafin a kwance shi a yi masa gyaran gaba ɗaya, amma fa da sharaɗin kulawa. A wurin da ba ƙura ma ana juye mai bayan awa 50. A nan tilas a rage tazarar, a kuma duba matatar kowace safiya.

4.3 Mai

Yawancin waɗannan injuna ba sa shan fetur na mota sai wani fetur shuɗi mai darma a ciki da ake kira 100LL, wanda daga waje ake shigo da shi, ga tsada ga wuyar samu. Zuba musu wanda bai kai shi ba yana sa mai ya fashe cikin silinda maimakon ya ci a hankali, har fistan ya ɓule. Wannan matsala tana cikin abin da ya sa makarantar Zariya, daga 2017, ta soma karɓar jiragen Diamond masu injin da ruwa ke sanyayawa, mai shan kananzir na manyan jirage.

5.0 Shawarwari

Na farko, a yi feshi da sassafe ko da yamma liƙis, lokacin da iska ta fi nauyi. Hakan ya ma dace da jan-baki, wanda da magariba ake samunsa a makwancinsa. Na biyu, a lissafa kayan da jirgi zai ɗauka bisa zafin wannan sa'a, ba bisa cikar tanki ba, a kuma share fili mai isasshen tsawo. Na uku, a tanadi mai da matatu da makaniki mai lasisin jirgi tun kafin annoba ta zo, don ba a fafe gora ranar tafiya. Na huɗu, a san inda jirgi ba shi da amfani: gonakin yankin ƙanana ne, a warwatse, akasari gaurayen dawa da wake da auduga, ga rijiyoyi da dabbobi a tsakani. A irin wannan wuri famfon feshi na goyo ya fi dacewa, a bar jirgi ga makwancin tsuntsaye da garken fari da manyan gandaye.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa alherin wannan inji da rauninsa daga abu ɗaya suka fito, watau dogaronsa ga iska. Ya kamata malamanmu na aikin injiniya da na noma, musamman na Samaru da kwalejin jiragen sama ta Zariya, su haɗa kai su auna zafin silinda da lalacewar ringi a yanayin wannan ƙasa, wata bayan wata, don hukumomin da ke hayar jiragen feshi su sami alƙaluman gida da za su dogara a kansu.